Yadda Ake Haɗa Samfurin Tankar Stuart Mai Igwar PaK 40 Idan Babu Zanenta

Tambayar da masu haɗa ƙananan tankokin filastik suka fi maimaitawa ita ce: idan tankar da nake so ba ta da zanen masana'anta, hotunanta ma 'yan ƙalilan ne masu dishi-dishi, ta ina zan fara? Amsa a dunƙule ba za ta yi amfani ba, don haka zan ɗauki tanka guda mu bi ta daga sayen kaya har ɗora ta a kan katako.

Tankar ita ce Stuart M3A3 ƙirar Amurka, wadda Birtaniya ta bai wa mayaƙan Tito na Yugoslabiya lokacin da aka kafa birged ɗinsu na farko na tankoki a Italiya a watan Yulin 1944, ana cikin Yaƙin Duniya na Biyu. Igwarta mai faɗin baki milimita 37 ta yi rauni a ƙarshen yaƙin, sai makanikan birged ɗin da ke garin Shibenik, a gaɓar teku ta yankin Dalmashiya, suka cire hasumiyar wasu daga cikin tankokin, wato ɗakin igwa mai juyawa da ke samansu, suka ɗora musu igwar Jamus PaK 40 mai milimita 75 da suka ƙwace. Aikin gareji ne a tsakiyar yaƙi, tsakanin ƙarshen 1944 da farkon 1945. Ba a bar zane ba, marubuta ma ba su daidaita a kan adadin da aka yi ba. Za mu yi ta a ma'aunin 1/35, wato kowace milimita 35 ta ainihi ta zama milimita 1 a teburinka.

1. Tara hotuna, ka tace su

Kada ka sayi komai tukuna. Fara da neman duk hoton tankar da za ka iya samu, ka buga su a takarda babba gwargwadon yadda hoton zai jure ba tare da ya watse ba. Waya tana da amfani wajen zuƙo hoto, amma awo da rula yana son takarda.

Sai tacewa, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗawa rami tun kafin su buɗe gam. Ka ware hotunan yaƙi na ainihi gefe guda. Duk hoton da aka yi wa kala daga baya, duk zanen kwamfuta na wasannin bidiyo, duk hoton samfurin da wani ya haɗa, ka ajiye su a wani gefen daban. Kallonsu ba laifi ba ne, amma ba hujja ba ne. Masu haɗi suna kwafar juna: mutum ɗaya ya yi hasashen akwatin harsashi a bayan injin, goma su kwafa, bayan 'yan shekaru kowa ya ɗauka haka tankar take. Yanzu kuma ga hotunan da manhajojin ƙirƙira suke fitarwa, waɗanda sukan ƙara ko su rage ƙafafun tanka. Stuart tana da ƙananan ƙafafu 4 a kowane gefe, biyu-biyu a maƙale, da babbar ƙafa guda a baya wadda take taɓa ƙasa. In ka ga saɓanin haka, jefar da hoton.

Gargaɗi: tunda kowace tanka da hannu aka gyara ta, kada ka ɗauka hotuna biyu na tanka ɗaya ne. Duba lamba, duba inda tuta take, duba lanƙwasar murfin sarƙa da kayan da aka ɗaure. Zaɓi tanka guda wadda ta fi fitowa sarai ka tsaya a kanta. In ka ɗebo gefen wannan ka haɗa da gaban waccan, za ka fitar da tankar da ba a taɓa yi ba.

2. Raba abin da ka gani da abin da ka zata

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin duka, kuma ba ya cin ko sisi. Ɗauki takarda ka zana tankar daga gefe, daga gaba, daga sama, ko da zanen bai yi kyau ba. Samo biro kala uku.

Da baƙi, ka zagaye duk abin da hoto ya nuna ƙarara: siffar garkuwar igwa, tsawon bututunta a kan gaban tanka, farantan ƙarfe na gefe in sun fito. Da shuɗi, ka zagaye abin da hoto bai nuna ba amma aikin ƙarfe ya tilasta shi. Misali, igwa mai wannan ƙarfin ba za ta zauna a kan rufin da kaurinsa bai wuce milimita 13 ba sai da ƙarafan da suka tallafe ta daga ƙasa, kuma dole a bar mata filin da za ta zabura baya in an harba. Da ja, ka zagaye abin da zato ne tsantsa: inda aka jera harsasai, inda ma'aikatan igwa suke tsayawa, siffar ƙarafan tallafin.

Ƙa'idar da za ka bi daga nan ita ce: baƙi a yi shi daidai da hoto ko da bai yi maka kyau ba, shuɗi a yi shi cikin mafi sauƙin siffar da za ta yi aiki, ja kuwa a rage shi iya iyawa, a ɓoye abin da za a iya ɓoyewa, a manna sauran da gam mai saki. Ni dai a ganina gara fili a samfuri da cikon ƙarya mai ƙyalli, domin mai kallo ba shi da hanyar gane cewa kyakkyawan akwatin nan daga kanka ya fito.

3. Sayen kit da kayan aiki

Kit biyu kake buƙata, wato kwalayen sassan filastik da ake haɗawa. Na tanka: M3A3 a 1/35, kamfanin AFV Club yana yin sa. Na igwa: PaK 40 a 1/35, akwai na Tamiya wanda ya tsufa amma yana da araha da sauƙin haɗi, akwai kuma na Dragon da na AFV Club masu ƙananan sassa da yawa. Tunda igwar a fili take zaune, babu abin da ya rufe ta, in aljihu ya yarda ka sa kuɗin a kan igwa mai kyau.

Gargaɗi: kada ka ga sunan Stuart a kwali ka biya. M3 da M3A1 gabansu mai hawa-hawa ne, gefensu a miƙe. M5A1 ta yi kama da M3A3 daga gaba, amma gefenta a tsaye yake kuma rufin injinta ya ɗago sama saboda injinan Cadillac biyu da ke ciki. M3A3 gefenta a karkace yake, rufin bayanta bai yi wannan tudun ba. Mayar da M5A1 ta koma M3A3 ya fi sake sayen kit wahala.

Kuɗi: a shagunan intanet na waje kit ɗin tanka yakan kama dala 35 zuwa 50, na igwa dala 10 zuwa 30. Kuɗin aikowa da na kwastan sukan kusa kamo kuɗin kayan, don haka ka haɗa odarka wuri guda, ko ku haɗu ku biyu ko uku ku raba. A cikin odar ka sa abin da ba ya samuwa a kasuwa: gam ɗin filastik mai ruwa-ruwa irin Tamiya Extra Thin, fallen filastik fari mai kaurin milimita 0.25 da 0.5 da 1, da fenti. Ka tambayi mai shago tukuna, domin wasu ba sa aiko da gam da fentin gwangwani ta jirgin sama.

Sauran a gida suke. Reza ko wuƙar tiyata daga kemis, matsefata, ƙaramar filaya mai yanka waya, magogin farce na kayan kwalliya a madadin magagari, sanfefa mai lamba 400 da 800 da 1200 daga masu fentin mota, rular ƙarfe, salatif na takarda, sufa gulu, farin gam na kafintoci, siririyar wayar tagulla daga tsohuwar wayar lantarki, da gwangwanin lemo. In ka samu ma'auni mai baki biyu irin na masu juya ƙarfe, zai rage maka rabin wahalar mataki na gaba.

In fallen filastik ya gagara, duba gindin robobin abinci. Wanda aka rubuta PS ko lamba 6 a cikin alamar kusurwa uku, jinsin filastik ɗin kit ne, gam zai narkar da shi ya kama. Mai lamba 5 ko 2 ba ya kamuwa ko ka juye masa kwalba. Tsohon katin banki sai da sufa gulu.

4. Ciro awo daga hoto

Ba ka da zane, amma kana da abubuwa biyu a cikin hoton da girmansu sananne ne: tankar da igwar. Su ne rularka.

Ƙaramar ƙafar Stuart faɗinta inci 20 ne, wato milimita 508, wanda a 1/35 ya zama milimita 14.5. A ce a hoton da ka buga ƙafar ta auna milimita 40, farantin ƙarfen da kake so kuma tsayinsa milimita 52. Raba 52 da 40, ka ninka da 14.5, ka samu kusan milimita 19. Tsayin farantinka ke nan a samfuri. Ga wasu lambobin da za ka riƙe a gefe: gangar jikin M3A3 tana da tsawon kusan mita 5, wato kusan milimita 144, faɗinta mita 2.5, kusan milimita 72; ramin da hasumiya ta bari kusan mita 1.19, wato milimita 34. Bututun PaK 40 mita 3.45, kusan milimita 99.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko, in an ɗauki hoton a karkace, ƙafar za ta fito kamar ƙwai. To tsayinta daga sama zuwa ƙasa kawai za ka yi amfani da shi, kuma tsayin abubuwa kawai zai ba ka, ba tsawonsu ba. Na biyu, abin da ya fi nisa da kyamara ya fi ƙanƙanta. Igwa a tsakiyar tanka take, ƙafa kuwa a baki, don haka in ka auna garkuwar igwa da ƙafa za ta fito maka ƙarama. Abin da ke jikin igwa ka auna shi da wani sashe na igwar, kamar tsayin garkuwarta da ka riga ka auna a kit. Abin da ke bakin tanka ka auna shi da ƙafa.

Kowane awo ka ɗauke shi daga wuri biyu in zai yiwu. In suka saɓa da fiye da milimita 1, kada ka raba tsakiya ka wuce. Ajiye duka biyun zuwa mataki na 7, can ido zai raba gardama.

5. Haɗa gindin tanka

Wannan sashen babu hasashe a cikinsa, bi takardar kit. Wanke sassan da ruwan sabulu su bushe, yanke su da filaya nesa kaɗan da jiki, sannan ka goge ragowar. Ɗora tankar a kan gilashi kafin gam ɗin ƙafafu ya bushe, ka tabbata duka sun taɓa ƙasa har da babbar ta baya.

Sarƙar Stuart a ɗaure take tam, ba ta yin lanƙwasa tsakanin ƙananan gargarorin sama irin ta tankokin Jamus da Rasha. Masu son samfuri ya nuna nauyi sukan saki sarƙar, kuskure ne. Haka kuma kada ka danne gaban tankar ƙasa da sunan nauyin igwa sai in hoton da ka zaɓa ya nuna hakan.

Kada ka manna rufin sama yanzu. Da zarar an cire hasumiya, ana hango ciki ta ramin, kuma abin da kit ya bayar na ciki ba zai wadatar ba. Da fallen milimita 1 ka yi daɓe, da bangon da ya raba ɗakin ma'aikata da inji, da doguwar rumfar da ta rufe sandar da ke kai ƙarfin inji zuwa giya a gaba. Injin M3A3 irin na jirgin sama ne mai silinda 7 a zagaye, shi ya sa sandar take wucewa a ɗage ta tsakiyar ɗakin. Kujeru biyu a gaba sun isa. Fenta cikin da fari mai ɗan datti, sannan ka rufe.

6. Haɗa igwa

Rabin kit ɗin igwa ba za ka taɓa shi ba: tayoyi, dogayen ƙafafun baya biyu, da gatarin da suke maƙale. Adana su, wata rana za su yi amfani. Abin da kake so shi ne bututu, gindin da ake ɗura harsashi, makwancin da bututun yake zamewa a kai, mazaunin sama mai juyawa, da garkuwa.

In bututun rabi biyu ne, sa gam isasshe ka matse har filastik ya ɗan tsatso, ka bar shi kwana guda, sannan ka naɗe sanfefa a jikinsa kana murza shi. Kada ka goga ta gefe ɗaya, zai baje ya daina zama da'ira, kuma fenti ba ya ɓoye wannan. Ƙananan sitiyarin saiti biyu da madubin saiti duk a hagu suke, nan mai harbi yake. Mai ɗura harsashi a dama.

Garkuwar PaK 40 faranti biyu ne, kowane milimita 4, da tazarar milimita 25 a tsakaninsu. A 1/35 kowane faranti bai fi milimita 0.1 da 'yan kai ba, tazarar kuma milimita 0.7. Ta filastik kullum ta yi kauri. Hanya mai sauƙi ita ce ka kankare bakinta daga ciki da reza har ya yi siriri, tunda baki kaɗai ido yake gani. Hanya mai wuya ita ce ka kwafi siffarta a kan gwangwanin lemo, wanda kaurinsa ya yi daidai da abin da ake so, ka yanke biyu, ka raba su da guntayen waya. Sakamakon yana da kyau ƙwarai, amma in wannan ne samfurinka na farko ko na biyu, kankarewar ta ishe ka.

7. Gwaji da kwali

Tela ba ya fara sa almakashi a shaddar mutane sai ya gwada a takarda. Kai ma kada ka yanki fallen da ka biya dala a kansa sai kwali ya amince. Samo kwalin sabulu ko na magani, ka yanke mazaunin igwa da farantan gefe bisa awon da ka ciro, ka riƙe su da salatif, ka ɗora igwar ba tare da gam ba.

Yanzu ɗauki waya. Ja baya kamar mita ɗaya ko biyu ka zuƙo, kada ka matso kusa, domin kusanci yana kumbura abin da ke gaba. Sauke wayar ƙasa-ƙasa, daidai inda idon mutum mai tsayin santimita 5 zai kasance, ka juya samfurin har ƙafafunsa da kusurwar gabansa su yi daidai da na tsohon hoton. Ɗauka, sannan ka jera hotunan biyu, ko ka ɗora ɗaya a kan ɗaya a manhajar gyaran hoto ka rage duhun na sama. Abubuwa uku za ka duba: ina bakin igwa ya tsaya in an kwatanta da gaban tanka, saitin wace ƙafa garkuwa take, kuma nawa ne tazarar bututu da rufin direba. In ukun nan suka dace, igwarka ta zauna inda ya kamata, ko da ba ka taɓa ganin abin da ke ƙarƙashinta ba. In ba su dace ba, matsar, ƙara kwali ko rage, sake ɗauka. Kada ka gaji da wannan. Shi ne ke raba samfurin da ya yi kama da tankar da wanda ya yi kama da Stuart da aka ɗora wa igwa kawai.

Sannan gwada aikin igwar. PaK 40 tana zabura baya kusan santimita 90 in an harba, wato kusan milimita 26. Auna wannan daga gindinta zuwa baya, kada komai ya tsaya a hanyar. Duba kuma murafen direba da mataimakinsa da ke kan rufin gaba: shin mazaunin da ka yi ya danne su? In hoton bai nuna su a buɗe ba, manna su a rufe. Bar igwar tana kallon gaba sak, ko yadda take a hoton. A kan tayoyinta tana juyawa digiri 65 gaba ɗaya, amma wannan ba hujja ba ce cewa haka take yi a kan tanka.

8. Yanke mazauni da faranti

Kwalin da ya ci jarrabawa shi ne ma'auninka. Kwafe shi a kan filastik da fensir mai tsini. Kada ka yi ƙoƙarin ratsa falle da yanka ɗaya: ja reza a jikin rular ƙarfe sau biyu ko uku a hankali, sannan ka lanƙwasa ya ɓalle da kansa a miƙe.

Kauri: raba na ainihi da 35. Ƙarfe mai milimita 8 zai zama 0.23, don haka fallen 0.25 ne nasa. Don ƙarafan tallafi, faranti mai kaurin 0.5 a kan ramin hasumiya da sanduna biyu a ƙarƙashinsa sun isa. Wannan yankin shuɗi ne, kada ka ƙawata shi. Farantan da ke tsaye ka manna su da gam kaɗan-kaɗan, ka tokare su da kwalin ashana har su bushe. Gam mai yawa a kan siririn falle yana lotsa shi bayan kwana biyu, lokacin da ka ɗauka an gama.

Walda: kunna kyandir, riƙe guntun sandar filastik da sassan kit suka zo a jiki a saman harshen wutar har ta yi laushi, janye ta daga wuta ka ja hannu biyu. Za ta zama zare. Kwantar da zaren a mahaɗar faranti, jiƙa shi da gam mai ruwa, jira kamar minti ɗaya, sannan ka daddanna shi da bakin reza. Tunda aikin gareji ne, waldar ba sai ta yi santsi ba, bakin faranti ma kana iya ɗan ƙarta shi ya nuna yankan wuta. Amma a yi da hankali. Makanikan nan ƙwararru ne da ke gyaran tankoki kullum, ba masu lalata ƙarfe ba.

Gargaɗi: kwalbar gam da tina su yi nesa da kyandir, kuma taga a buɗe.

9. Harsasai da kaya

Ga kuskuren da ake yawan yi: ɗauko harsasan tankar Jamus Panzer IV daga ragowar wani kit saboda su ma milimita 75 ne. Ba iri ɗaya ba ne. Kwanson harsashin PaK 40 dogo ne siriri, milimita 714, kusan milimita 20 a samfuri. Na doguwar igwar Panzer IV gajere ne mai kauri, milimita 495. Yi amfani da waɗanda suka zo a kit ɗin igwarka.

Inda za a ajiye su kuwa yankin ja ne. Biyu ko uku a kwance kusa da gindin igwa sun fi a gina musu kanta ta musamman. Ramin da ya rage a bayan igwa kana iya rufe yawancinsa da tamfol: jiƙa takardar tishu da farin gam da aka tsinka da ruwa, shimfiɗa ta, gyara lanƙwasarta da burushi mai laushi, bar ta ta bushe. Duk wani abin ja ka manna shi da ɗigon farin gam kawai. Ranar da wani hoto ya fito daga ma'ajiyar tarihi ya nuna saɓanin zatonka, ɗigon ruwa zai sake shi ba tare da ya ɓata fenti ba.

10. Fenti

Fenta tanka daban, igwa daban, sarƙa daban. Fara da shimfiɗar farko mai launin toka, siririya, wadda za ta tona maka duk tabon gam da ramin da ya rage. Cike su, goge, sake fesawa.

Daga masana'anta Stuart koriyar zaitun ce mai duhu. A fentin Tamiya lambarta XF-62. Kayan yaƙin Jamus kuwa tun watan Fabrairun 1943 rawaya mai duhu ake yi musu, XF-60. Ko makanikan sun sake fenta igwar, hotonka ne zai faɗa: in garkuwa ta fi gangar jiki haske sosai alhali rana ɗaya take dukansu ta fuska ɗaya, bar ta rawaya, in duhunsu ɗaya, yi mata kore. Kwatanta fuskokin da suke kallon gefe guda kawai, domin farantin da ya kalli sama kullum ya fi haske. Ka sani kuma wasu finafinan ɗaukar hoto na lokacin suna mayar da ja baƙi ƙirin, shuɗi kuma su haskaka shi, don haka tauraron da ya fito baƙi a hoto ja ne.

Alamar mayaƙan ita ce tuta mai shuɗi a sama, fari a tsakiya, ja a ƙasa, da jan tauraro mai kusurwa biyar a tsakiya. Fenta farin tukuna, rufe da salatif, sa sauran. Sa ta inda hoto ya nuna kawai, da girman da ya nuna.

Gargaɗi: tinar masu fentin mota da ruwan goge farce suna narkar da filastik ɗin kit. Fentin gwangwani na kasuwa ma yakan ci shi, gwada a kan ragowar sanda tukuna. In da burushi kake aiki, tsinka fentin ka shafa sau uku siriri-siriri. Lokacin hunturu ƙura ce abokiyar gaba: yayyafa ruwa a ɗakin, ka kifa kwali a kan samfurin da zarar ka gama shafawa. Da zafin bazara fentin feshi yana bushewa tun a iska ya sauka kamar yashi, don haka ka yi da sassafe. Da damina kuma banish yakan yi fari-fari in iska ta cika laima, jira rana mai haske.

Tubalan sarƙa roba ne, toka mai duhu za ka yi musu. Ƙarafan da ke bakinsu ne kawai suke ɗaukar launin ƙarfe.

11. Tsufa da ƙura

Tankokin nan 'yan watanni kawai suka yi da igwar kafin yaƙi ya ƙare a watan Mayun 1945, lokacin da birged ɗin ya kai Tiriyeste. Saboda haka tsatsa mai yawa ba ta da gurbi. Tsinka fentin mai na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, ka ɗiga shi a lungu da kewayen kusoshi, ka share abin da ya wuce. Goga bakin fensir a inda hannu da takalmi suke yawan taɓawa: sitiyarin saiti, gindin igwa, bakin murafe. Bakin igwa ba ya son baƙin hayaƙi mai yawa, ɗan duhu ya isa.

Ƙasar Dalmashiya da Hazegobina duwatsun farar ƙasa ne, ƙurar hanyoyinsu fari-fari ce mai ratsin toka, da taɓo a lokacin sanyi. Kankare allin zane fari da toka da ɗan ruwan ƙasa, gauraya, shafa da busasshen burushi daga ƙasa zuwa sama, ya fi yawa a ƙafafu da bayan tanka. Rawayar yashin hamada ba ta wurin ba ce.

12. Haɗawa da ɗorawa

Sa sarƙa, sannan igwa a ƙarshe. Huda ƙaramin rami a ƙarƙashin mazauninta ka sa guntun waya ya shiga cikin farantin, ka riƙe da farin gam, don ka iya cire ta in za ka yi tafiya da samfurin. Bututun ya zarce gaban tanka sosai kuma shi ne farkon abin da yake karyewa. Katako mai santimita 25 a 15 ya isa zama gindi. Ɗaure tankar da waya ta cikin sarƙa zuwa ƙasan katakon.

A jikin katakon ka liƙa 'yar takarda mai sunan tanka, wuri da shekara, da layi ɗaya da ke faɗin sassan da aka ɗauko daga hoto da waɗanda hasashe ne. Takardar biro uku ta mataki na 2 kuma ka naɗe ta ka manna a ƙarƙashi. Rufe samfurin da akwatin gilashi ko na roba mai haske, ka ajiye shi nesa da taga, kuma kada ka bar shi a cikin mota da rana, domin fallen 0.25 yana lanƙwashewa da zafin da bai kai ya taɓa sauran kit ɗin ba.